Kafin Ka Sayi Kare, Dubi Wanda Ke Bakin Juji

Ƙannena maza da mata, akwai wani yayi da ya shigo biranenmu wanda manya ba su cika lura da shi ba, domin a cikin waya ake ƙulla cinikinsa. Saurayi ya ga hoton ɗan kwikwiyo a Instagram ko TikTok, an rubuta masa sunan jinsi na ƙasashen waje, German Shepherd ko Rottweiler ko Boerboel ko Caucasian, an ɗora masa kuɗin da ya kai na ragon layya ko ya wuce. Ya tura kuɗi, a sako masa shi cikin kwali a motar haya daga Jos ko Legas. Shi wannan saurayi, da zai miƙe daga ƙofar gidansu zuwa juji ko bayan mayanka, zai tarar da karnuka birjik, haƙarƙari a waje, kunnuwa cike da kaska, yara na bin su da jifa. Tsakanin kwikwiyon cikin kwali da karen bakin juji akwai igiyar da ta haɗa su, kuma a kanta nake son mu yi magana. Nasihata ita ce, duk wanda yake da buƙata ta gaskiya ga kare, ya karɓi riƙon wanda ya riga ya zo duniya ba shi da mai shi, ya bar saye. Wanda kuma ba shi da buƙata kada ya ajiye, amma ya sani rashin ajiyewa bai sauke masa haƙƙin dabbar da ke unguwarsu ba.

Daga ina karen juji ya fito? Kare dai ba dila ba ne da zai shigo gari daga daji. Dabba ce da ta shafe dubban shekaru a gindin ɗan Adam har ta kai ba ta iya nisa da shi, kuma duk inda ka ga karnuka sun yi yawa, in ka duba da kyau za ka ga shara a buɗe, da ragowar kayan ciki daga mayanka, da gidajen da ke sakin karnukansu da safe su je su nemi na kansu. Karya tana ɗaukar ciki na kwana 63 ko kusa da haka, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo 'ya'ya biyar ko shida, wani lokaci fiye. Mai gida ya zaɓi namiji ɗaya ya bari, sauran a zuba a buhu a kai bayan gari. Yawancinsu su mutu cikin makonni, waɗanda suka sha su zama abin da muke kira karnukan banza. Masu binciken da suka ƙidaya karnuka a Njamena, babban birnin Chadi, sun tarar mafi yawan waɗanda ake gani a titi suna da gidajen da suke komawa, marasa masu su kaɗan ne. Ke nan abin da muke kuka da shi aikin hannunmu ne. Sabon yayin nan kuwa ƙari yake yi a kai, domin kwikwiyon da aka saya don hoto, kafin wata takwas ya zama ƙaton dabba mai ci, mai haushi, mai buƙatar wanka da magani. Mai shi ya sami gurbin jami'a ko ya tafi bautar ƙasa, Mama ta ce ita ba za ta iya ba. Daga nan sai sarƙa ko titi.

Turawa sun riga mu faɗawa cikin wannan matsala, kuma daga cikinta gidajen riƙon dabbobi suka samo asali. A 1822 majalisar Ingila ta yi dokar hana azabtar da shanu da dawaki, bayan shekara biyu aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, wadda a yau ake kira RSPCA. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe ɗan wuri a unguwar Holloway don karnukan da suka ɓata ko yunwa ta galabaitar. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, tana cewa ga mutane na kwana a titi an koma kan kare. Gidan ya koma Battersea a 1871, yana nan yana aiki har gobe. A Amurka kuma Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta ASPCA a New York a 1866. Abin da ya fi tarihin amfani gare mu shi ne yadda aikin yake gudana a cikin gidan riƙo. Idan aka kawo kare, sai a goga masa wata na'ura a tsakanin kafaɗu, a duba ko akwai ɗan ƙanƙanin guntun lantarkin da ake sawa ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar mai shi. A Ingila tun 2016 doka ta wajabta wa kowane mai kare sa wannan. In ba a gane mai shi ba, a jira kwana bakwai ko zai zo cigiya. Likita ya buɗe bakin karen ya ƙiyasta shekarunsa daga haƙora, ya duba kunne da fata, a ba shi maganin tsutsa, a yi masa alluran rigakafi, a yi masa aikin hana haihuwa. Sannan a zauna a karanci halinsa: in an taɓa kwanon abincinsa yana gurnani? In ya ga yaro ko mage me yake yi? Mai son ɗauka shi ma sai ya sha tambayoyi, gidan haya yake ko nasa, awa nawa za a bar karen shi kaɗai, akwai ƙananan yara ko babu, kuma ana iya hana shi. Kuɗin da yake bayarwa na allura ne da aikin likita da abincin da aka ciyar, kuma yakan sa hannu cewa in ya gaza zai maido, ba zai yar ba.

Duk da wannan tsari, ba a gama da matsalar a can ba. Ƙiyasin ASPCA ya nuna karnuka wajen miliyan uku ke shiga irin waɗannan gidaje a Amurka kowace shekara, kuma sama da 300,000 allurar mutuwa ake yi musu, wasu don ciwo ko mugun hali, da yawa don babu wurin ajiyewa kuma babu mai ɗauka. A gefe ɗaya kuma ga masu kiwo don kasuwa, waɗanda suke kulle karya a keji, haihuwa bayan haihuwa har ƙarfinta ya ƙare. Da hukumomi suka gane cewa ba za a taɓa kwashe ruwa ba matuƙar famfo na buɗe, sai suka koma kan cinikin. A 2019 jihar Kalifoniya ta hana shaguna sayar da kare ko mage ko zomo sai wanda ya fito daga gidan riƙo, a 2020 kuma Ingila ta hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai mutum ya je wurin wanda karyarsa ta haifa ko gidan riƙo. Lissafin a fili yake. Duk wanda ya sayi kwikwiyo ya ba mai kiwo odar wata haihuwar, duk wanda ya ɗauki marar gida kuma ya rage ɗaya daga titi ba tare da ya sa an ƙaro ba.

Za ku ce ai mu ba mu da irin waɗannan gidaje. Haka ne, ƙalilan ne, yawancinsu a manyan birane irin su Legas da Abuja, kuma masu zaman kansu ke ɗauke da su da ƙyar. Amma ginin ba shi ne ruhin aikin ba. Ruhinsa shi ne a duba lafiyar dabba, a yi mata rigakafi, a tsayar da haihuwar da ba a shirya mata ba, sannan wani mutum takamaimai ya ɗauki alkawarin riƙonta, kuma duk waɗannan suna iya yiwuwa a nan. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwanmu. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, duk suna da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa allurar rigakafin haukan kare. Shi kuma karen da za a ɗauka ba sai an yi nisa ba: 'ya'yan karyar maƙwabci da ake shirin sawa a buhu, ko karen ma'aikacin da aka yi wa canjin gari ya rasa inda zai kai shi, ko na yayi da mai shi ya gaji da shi.

Na san abin da ke ran da yawanku tun daga farko: kare kuma, a gidan Musulmi? Tambaya ce da ta cancanci a amsa ta da abin da malamai suka faɗa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ana rage masa lada mai yawa a kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Shi ya sa ban ce kowa ya je ya ɗauko ba, ban kuma ce a hau gado da shi yadda ake gani a finafinai ba. Amma hadisin da ya yi hani shi ne kuma ya buɗe ƙofar buƙata, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron gona da garke. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Wanda yake zaune a ƙauyen da ɓarayin shanu ke shiga da dare ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan magana. Batun najasa kuwa, a mazhabar Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne kawai, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma suna ganin najasa ce. Ko wanne ka bi, hukuncin yana kan ƙwarya da tufa. Babu inda ya halatta jifa, ko watsa ruwan zafi, ko barin dabba da ƙishirwa. Bukhari da Muslim ɗin nan su ne suka kawo labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da karen da ƙishirwa ta kusa kashewa, Allah Ya gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Abin baƙin ciki ne a ce yaro ya tashi ya haddace hukuncin ƙwarya, amma ba wanda ya taɓa ba shi labarin rijiyar.

Akwai kuma wata mas'ala da masu sabon yayi ba su cika sani ba, kuma ita ce ta fi shafar zancenmu. Hadisi ya hana cin kuɗin kare. Risala ta kawo hanin sayar da karnuka, ta kuma ambaci saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa. Sahnun, mai Mudawwana, yana cikin waɗanda suka halatta, haka ma Abu Hanifa, amma mashahurin zance a mazhabar Malik hani ne, haka yake a wajen Shafi'i da Ahmad. To wanda ya karɓi kare kyauta, ya biya kuɗin allura da ladan likita kawai, ya fita daga wannan saɓani gaba ɗaya. Wato hanyar da gidajen riƙo na Turai suka kai gare ta bayan doguwar wahala, ita ce ta fi kusa da abin da littattafanmu suka natsu da shi, cinikin cikin waya kuma shi ne ke da ayar tambaya a kansa.

Wani zai ce tsintacciyar mage ba ta mage, karen gida me zai iya? Sai mu tambayi kanmu mene ne aikin karen gadi. Aikinsa ya ji motsi kafin kowa, ya yi haushi ya tashi mutanen gida da maƙwabta, domin abin da ɓarawo ya fi tsoro shi ne tonon asiri. Wannan kuwa karen gida ya iya shi sarai, kuma mafarautanmu sun daɗe da sanin juriyarsa da kaifin hancinsa. Dubi karen Azawak, siririn nan mai dogayen ƙafafu da Buzaye da maƙwabtansu ke kiwo a kwarin Azawak tsakanin Nijar da Mali. An kai shi Turai a shekarun 1970, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jinsunan da ta amince da su, ana ji da shi a can yayin da mu muke raina danginsa a nan. Siffar karen Sahel, gajeren gashi da rashin nauyin jiki, ita ce ta dace da yanayinmu. Kare ba ya gumi ta fata yadda mutum ke yi, da haki yake sanyaya jikinsa. Ka ɗauko Caucasian, wanda aka kiwata don tsaron tumaki a duwatsu masu dusar ƙanƙara, ka ajiye shi a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu lokacin da ma'aunin zafi ya haura 40, azaba ka saya masa da kuɗinka. German Shepherd an san shi da ciwon ƙugu na gado, masu gajeren hanci kuma da wahalar numfashi, kuma waɗannan cututtuka ƙaruwa suke yi idan mai kiwon bayan gida yana haɗa wa da ƙanwa don riba. Amma akwai gaskiya ɗaya a cikin karin maganar, dole in yarda da ita. Babban karen da ya shekara yana shan duka da jifa yana iya zama matsoraci mai saurin cizo, irinsa bai dace da gidan da ke da ƙananan yara ba, sai mai haƙuri da ƙwarewa. Ga mai farawa, ya fi kyau ya ɗauki kwikwiyon da aka san uwarsa, bayan ya cika mako takwas yana shan nono tare da 'yan uwansa.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce tsoron cizo, kuma ba abin rainawa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, tsoron ruwa da firgita da fita hayyaci, kusan babu mai tashi. Saboda haka ku ji da kyau: tausayi ba shi ne ka kai hannu ga baƙon kare ba, musamman mai dalalar da miyau, mai tangaɗi, mai cizon duk abin da ya tarar, ko wanda ya yi laƙwas babu dalili. Cutar tana iya ɓuya watanni a jikin kare kafin ta fito, don haka karen da ba a san tarihinsa ba ta hannun likitan dabbobi ake ɗaukarsa, a keɓe shi tsawon lokacin da likita ya ce. Rigakafi kuma daga wata uku ake farawa, a riƙa maimaitawa bisa tsarin da aka rubuta a katinsa. Idan kuwa cizo ya auku, ko da yaƙushi ne, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa a yi ta wankewa da sabulu har minti 15, ana kallon agogo, sannan a tafi asibiti a ranar don fara allura. Ba a tsayawa shafa toka ko jiƙe-jiƙe, ba a jiran a ga abin da hali zai yi. In ana iya tsare karen a tsare shi kwana goma ana lura da shi, amma ba a jinkirta allurar mutum don wannan. Tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci yaro Joseph Meister a Faris, aka san cewa allura bayan cizo tana hana mutuwa in an yi ta da wuri.

To me zai hana a zuba guba a huta? An sha gwada irin wannan. A 1910 hukumomin Istanbul sun kwashe dubun dubatar karnukan birnin suka zube a wani tsibirin dutse marar ruwa a tekun Marmara, suka mutu da yunwa da ƙishirwa, ba a daɗe ba titunan suka sake cika. Dalili kuwa, muddin juji na nan da abinci, waɗanda suka tsira za su hayayyafa, baƙi kuma su shigo daga kewaye su cike gurbin. Guba ba ta da ido, tana kashe mage da kaza da ungulu, yaro ma na iya kaiwa gare ta, kuma karen da ya saba da mutane, wanda ya fi yiwuwa an yi masa allura, shi ke fara ci. Abin da ya yi aiki shi ne rigakafi. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Da haka Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2019 cewa ta kawar da haukan da mutane ke ɗauka daga kare. A kusa da mu ma, a Njamena an yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta ɗauke tsawon watanni, sai daga baya karnukan da aka shigo da su daga wajen birni suka maido da ita. Ku lura da wani abu a nan: ba a iya yi wa kare allura sai da wanda zai riƙe shi, ba a kuma iya maimaitawa badi sai da wanda ya san inda yake kwana. Kashi 70 ɗin nan a hannun masu riƙo yake. Duk karen da ya tashi daga na kowa ya zama na wani takamaimai, an sami hanyar kai masa allura, kuma yaran layin sun ƙara samun kariya.

Wannan ya isa amsa ga masu cewa mutane na fama da yunwa ana zancen kare, maganar da aka faɗa wa Mary Tealby tun 1860. Yaron da mahaukacin kare ke ciza ɗan talaka ne, mai tafiya makaranta a ƙasa, mai talla, almajiri mai ratsa lungu da asuba, kuma kuɗin jerin alluran mutum ɗaya ya ninka na rigakafin kare sau da yawa. Karen gida yana rayuwa da sauran tuwo da ƙanzo da ɗan kayan ciki daga wurin mahauta. Kuɗin da ke gogayya da haƙƙin mabuƙata shi ne wanda ake zubawa wajen sayen jinsi da buhunan abincinsa na shigowa, kuma shi nake roƙonku ku bari. Ban kuma taɓa ganin dalilin da zai sa a zaci yaron da aka ƙyale yana jifan kwikwiyo har ya karye masa ƙafa, ana dariya, zai tashi da taushin zuciya ga ƙannensa ba.

Sai dai ɗauka ita ce mai sauƙi, riƙon ne aiki. Ku dubi yadda ake ajiye kare a gidaje da yawa: sarƙa taku uku ɗaure a ƙarfen tankin ruwa, a kan simintin da rana ta gasa, kwanon ruwa ya kife tun hantsi, gashin wuya ya saɓule, ƙudaje sun cinye bakin kunnuwa har jini na tsattsafowa. Wai ɗaurin ne ke sa shi zafi. Zafin azaba ne, kuma ranar da sarƙar ta tsinke yaron gida zai fara kamawa. Wanda zai yi irin wannan riƙo, gara ya bar dabbar inda ya ganta. Kare yana buƙatar inuwa da ruwa mai tsabta a kowane lokaci, da abinci safe da yamma, da wurin da zai miƙe ƙafa, da cire kaska da maganin tsutsa, da alluran cututtukan da ke kashe kwikwiyo da amai da gudawar jini. Ba a ba shi albasa ko cakulan, ba a ba shi dafaffen ƙashin kaza domin yana tsagewa ya huda hanji. Yana kuma iya kai shekara goma zuwa goma sha uku, wato wanda ya ɗauka yana ɗan 18 zai iya kai 30 yana tare da shi, ya yi karatu, ya yi aure, ya sauya gida. Don haka kafin ka kawo shi ka nemi yardar Baba da Mama, ka san wanda zai tsaya masa in ba ka nan, ka ji ta bakin mai gidan haya, ka kuma tuna da haƙƙin maƙwabcin da haushin dare zai hana barci ko mai tsoron wucewa ta ƙofarku. Batun hana haihuwa, Risala ta halatta fiɗiyar tumaki saboda maslaha ta hana ta dawaki, kuma malamai da dama na wannan zamani sun halatta wa kare da mage idan akwai buƙata, likita ya yi da allurar kashe zafi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma lallai ya tsare karyarsa a gida tsawon makonni ukun da take neman namiji, kada ya bari a koma ga buhu.

Yawancinku ba za ku ajiye kare ba, kuma daidai ne. Naku aikin yana layinku: ku hana ƙannenku jifa, ku koya musu kada su taɓa kare yana ci ko karya tana shayarwa, kada kuma su ɓoye cizo don tsoron faɗa, ku rufe shara, ku ajiye tsohon kwano da ruwa a inuwa lokacin bazara. Akwai kuma abin da ya fi wannan girma. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma ofisoshin dabbobi sukan yi allura a kewayenta. A Njamena, a wani gwaji da aka yi kafin gangamin 2012, da aka ce masu karnuka su biya wani ɓangare na kuɗin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka samu aka yi wa, shi ya sa aka mai da ita kyauta. Ƙungiyar samarin unguwa da ke iya tara kuɗin gasar ƙwallo ko yashe magudanar ruwa tana iya ɗaukar nauyin allurar karnukan unguwarta. Ku je ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ku sa rana, mai unguwa ya sa a yi shela a masallaci da coci, masu gadi da mafarauta su kawo nasu a ɗaure, a rubuta kowane kare da gidan da ya fito a littafi ɗaya, domin badi a san wanda aka yi wa da wanda ya rage.